Ludwig Guttmann: Likitan da ya mayar da wasa magani

A zamanin yaƙin duniya na farko, sojan da ya samu rauni a lakar bayansa ba a cika sa masa rai ba. Galibin irin waɗannan majinyata kan rasu cikin 'yan watanni, kuma abin da ke kashe su shi ne gyambon kwanciya da cutar mafitsara. Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Dokta Ludwig Guttmann.

An haife shi ranar 3 ga watan Yulin 1899 a garin Tost na Jamus, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Freiburg a 1924, sannan ya ƙware a aikin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a birnin Breslau, ƙarƙashin Farfesa Otfrid Foerster.

Hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ya raba shi da aikinsa, kasancewarsa Bayahude, sai ya koma asibitin Yahudawa na Breslau. A watan Nuwamban 1938, lokacin da aka far wa Yahudawa a faɗin Jamus, ya ba da umarnin a kwantar da duk wanda ya zo asibitin neman mafaka. Mutum 64 aka karɓa, kuma ya kuɓutar da 60 daga hannun 'yan sandan Gestapo. A 1939 ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa Oxford, inda ya ci gaba da bincike kan raunin jijiyoyi.

Gwamnatin Birtaniya ce ta nemi ya kafa sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 1944. Dokarsa ta farko mai sauƙin faɗa ce amma mai wuyar bi: a juya kowane majinyaci duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana. Mutum ne mai tsanani, ba ya ɗaukar uzuri daga ma'aikaci ko majinyaci, duk da haka majinyatan nasa da sunan uba suke kiransa.

Daga nan ya shigar da wasanni cikin jinya. Harbin kibiya, alal misali, yana ƙarfafa kafaɗu da ƙirji, waɗanda da su ne mai keken guragu zai dogara har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuma lura cewa gasa tana dawo wa mutum da ƙwarin zuciyar da doguwar kwanciya ta cinye.

Ranar 29 ga watan Yulin 1948, wato ranar da aka buɗe wasannin Olamfik na London, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16, maza 14 da mata biyu. 'Yan Holland sun shigo a 1952, kuma a 1960 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara a birnin Rum, taron da ake ɗauka a matsayin gasar Paralamfik ta farko. A irin wannan gasa ce Najeriya ta ci zinare shida a London a 2012, shekarar da ta dawo daga Olamfik hannu rabbana.

Guttmann bai bar fagen ilimi ba. Ya kafa ƙungiyar likitocin raunin laka ta duniya a 1961, ya zama editan mujallarta, ya kuma wallafa littafi kan wasannin naƙasassu a 1976. Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir a 1966. Ya rasu ranar 18 ga watan Maris na 1980, sakamakon ciwon zuciya.