Ibnu Sina, Likitan da Ya Bi Sawun Ciwo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yan uwa ɗalibai, a garinmu Tamale da wuya a samu unguwar da babu wanda ya taɓa faɗuwa da babur. An yi ɗori, ƙashi ya haɗu, rauni ya warke, amma bayan shekara mutum yana ta kukan ƙafa. Wasu su ce raki ne, wasu su ce sammu aka yi masa. To, shekara dubu da suka wuce, wani malami Musulmi ya yi nazari a kan irin wannan.

Sunansa Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Sina. An haife shi a shekarar 980 miladiyya a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Ya karanta fiƙihu da lissafi, sannan ya shiga ilimin likitanci. Tun yana saurayi ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, sarki kuma ya buɗe masa ɗakin littattafan fada.

Rayuwarsa ba ta kwanciyar hankali ba ce. Ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari. A Hamadan ta ƙasar Iran ya zama waziri, daga baya aka tsare shi wata huɗu. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. A shekarar 1025 ya kammala babban littafinsa, Alƙanun fid-Ɗibbi, mai juzu'i biyar. An fassara shi zuwa Latin, jami'o'in Turai suka yi ta karantar da shi har wajen 1650.

Kafin shi, likitan Girka Jalinus ya koyar da cewa ciwo yana zuwa ne idan wani abu ya yanke, ya tsage ko ya karye a jiki. Ibnu Sina ya ƙara da cewa gaɓa tana iya ciwo saboda yanayinta ya sauya, ko da rauni ko babu. Ya raba ciwo kashi 15: mai suka, mai bugawa, mai ƙaiƙayi, mai nauyi, mai matsewa, da sauransu. Kun ga, ba wanda zai iya wannan rabo sai wanda ya zauna ya saurari majinyata.

Likitocin yau sun gano inda sauyin yake. Banda jijiyoyin jini, akwai jijiyoyin ji, masu kai saƙo daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar da ta ji rauni takan ci gaba da aika saƙon ciwo ita kaɗai, ba tare da an taɓa ta ba. Idan saƙon ya daɗe, lakar ma sai ta koyi ƙara masa ƙarfi, kamar lasifikar masallaci da aka ƙure, har gogar riga ta zama azaba. Shi ya sa wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji zafi a ƙafar da babu ita. Ciwon da ya wuce wata 3 shi suke kira ciwo mai daɗewa.

Ibnu Sina ya fi son a nemo sababin ciwo a kawar da shi, kuma ya yi gargaɗi kan haɗarin magunguna masu kashe jiki irin su afyun. Ai mu ma mun ga abin da tiramol ya yi wa samari da yawa.

Shi kansa ciwon ciki mai tsanani ne ya zama ajalinsa. Da ya ji jiki ya yi nauyi, ya 'yanta bayinsa, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya duƙufa kan tilawa. Ya rasu a Hamadan cikin Ramadan, shekarar 1037.

Don haka idan ɗan uwanka ya ce wurin da ya warke yana masa ciwo, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka sayo masa ƙwaya a tasha. Raka shi asibiti, ku haɗa da addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.