Narambaɗa da Ginin Waƙar Fada

Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, a ƙasar Zamfara, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

Gwanintarsa tana ga tsari. Yakan kafa gindin waƙa, ƴan amshi su riƙe, shi kuwa ya dinga jero ɗiya, na yabo da na zambo, kowane ɗa ya sauka daidai inda gindin zai dawo. Wani lokaci ya fara jimla, su ƙarasa masa. Wanda ya saurari kiɗan fiyanon Mozart, inda makaɗi guda ke karɓeɓeniya da taron makaɗa, zai gane wannan gini. Don haka ɗalibin da ya rubuta Bakandamiya ya zubar da maimaicin gindi saboda tsimin takarda, ya rushe ta.