Bargery: Baturen da ya yi shekara 13 yana tsintar kalmomin Hausa

In gardama ta kaure tsakanin masu wasan cike gurbin kalmomi, ko masu fassara a gidajen rediyo, kan ko wata kalma Hausa ce ko ba Hausa ba ce, littafi ɗaya aka fi komawa gare shi don raba faɗa: ƙamusun Bargery. Da yawa daga masu kiran wannan suna ba su san mai shi ba.

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na Ingila a 1876, shekarar da J. F. Schön ya fitar da nasa ƙamusun na Hausa. Limamin coci ne, kuma ƙungiyar mishan ta CMS ce ta kawo shi Arewacin Najeriya a 1900, tun Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba. Bayan shekara goma rashin lafiya ya mayar da shi gida. Da ya samu sauƙi sai ya dawo, a wannan karon ma'aikacin ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, ya yi aiki a ƙasar Tibi.

A 1921 ne Gwamna Hugh Clifford ya ɗora masa aikin haɗa ƙamus. Ba wai babu wasu ba ne. Akwai na Schön, da na C. H. Robinson, da na Bajamushe Adam Mischlich. Sai dai duk sun bar babban giɓi: ba su nuna karin sauti yadda ya kamata ba. Bahaushe ba ya buƙatar a gaya masa bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, kunnensa ne ke raba su. A takarda kuwa harufansu ɗaya ne. Bargery ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda murya ke hawa da inda take sauka, da wasalin da ake ja da wanda ake taƙaitawa. Wannan shi ya sa aikin ya ci lokaci, shi ne kuma ya sa har yau bai tsufa ba.

Littafin ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafi sama da 1,200, kalmomi kimanin 39,000. Masani Diedrich Westermann ya rubuta bayani kan Hausawa da harshensu a farkonsa, a ƙarshe kuma akwai jerin kalmomin Ingilishi da takwarorinsu na Hausa. Wanda ke neman kalma mai harafi biyar da za ta cike gurbi, daga nan yake farawa. Masu son abin mamaki sukan buɗe wajen kalmar ƙato, inda aka jero kalmomi fiye da 300 da Hausawa ke kwatanta girman abu da su. Wasunsu, ko tsofaffi sai sun yi tunani kafin su tuno.

Abin da ya fi shafar mu mazauna bakin iyaka shi ne yadda ya yi da karin harshe. Hausar Kano ya ɗauka ginshiƙi, amma bai zubar da sauran ba. In kalma ta Sakkwato ce, ko Katsina, ko Gobir, sai ya sa ta, ya yi mata alama. Saboda haka ɗan kasuwar Malanville, ko maƙwabcinsa na Gaya a tsallaken gada, wanda Hausarsa ta fi kusa da ta yamma, wanda ke cewa biyat ba biyar ba, yakan tarar da maganar kakanninsa a rubuce. Ba ƙaramin abu ba ne wannan ga yaron da ya tashi cikin Dandanci da Faransanci, ake kuma yi masa dariya wai Hausarsa ba daidai ba ce don ba ta yi kama da ta fina-finan Kano ba.

Amma akwai inda littafin ya gaza mana. Da Ingilishi ya yi bayani, don haka wanda ya yi lakwal a Benin ko Nijar sai ya ratsa ta harshe na uku kafin ya fahimci nasa. An daɗe kafin a fara rage wannan wahala, da ayyuka irin ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini. Wani abin kuma, kalmomi dubu 39 ba daga Exeter suka zo ba. Daga bakin malamai da masu sana'a da tsofaffi aka ɗebo su, amma sunayensu ba su hau bangon littafin ba. R. C. Abraham, wanda ya taya Bargery aiki na wani lokaci, da ya fitar da nasa ƙamusun a 1949 ya sa sunan Malam Mai Kano tare da nasa.

Bayan fitowar littafin Bargery ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Landan daga 1935 zuwa 1947, Jami'ar Landan kuma ta ba shi digirin dakta. A 1953, yana da shekara 77, ya sake komowa Kano don jagorantar gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya zauna har 1957. Idanunsa sun yi rauni ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu a Ingila a watan Agusta na 1966, saura ƴan makonni ya cika 90.

Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sake buga ƙamusun a 1993 da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner, daga baya kuma aka ɗora shi a intanet, inda ake iya neman kalma daga Hausa ko daga Ingilishi ta wayar hannu.