Waziri Buhari: Matsoraci Ko Makiyayin Jama'a?

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da yawanmu mun bar ajin tarihi da ra'ayin cewa Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari ya bayar da gari. Ni ma haka na ɗauka.

Jikan Waziri Giɗaɗo ne da Nana Asma'u, ya hau wazirci a 1886. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, ya ba Sarkin Musulmi Abdurrahman shawarar kada a naɗa Tukur. Ba a ji ba, basasa ta ɓarke.

Da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi. Waziri kuwa ya komo gari ya sasanta da su. Nan zargi ya samo asali.

To, amma takardu sun nuna wani abu dabam. Wasiƙun da aka samu a gidansa, waɗanda Backwell ya fassara a 1927, sun nuna yadda sarakuna ke kai rahoton motsin Turawa Sakkwato tun kafin yaƙi. A wasiƙar da ya rubuta wa malamai kuma, ya bayyana cewa sai da ya nemi fatawa, don tsoron kada talakawan da ba su iya hijira su rasa jagora, addini ya lalace.

Ya rasu a 1910. Ɗansa, Waziri Junaidu, ya gaji ilminsa. Allah ya jiƙan su.