Alhaji Alhassan Ɗantata (1877-1955): Attajirin Da Kasuwancinsa Bai Bi Shi Kabari Ba

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an yi attajirai masu yawa waɗanda sunansu ya kai ko'ina a zamaninsu, amma da suka kwanta dama sai aka raba gado, kowane magaji ya kama gabansa, kafin shekara goma babu dukiyar babu labarinta. Wannan ɗan rubutu zai waiwayi rayuwar wani bawan Allah da gidansa ya tsira daga wannan matsala, wato Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, domin a ga yadda ya gina kasuwancin da ya ɗore shekara saba'in bayan rasuwarsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, wato wani rukuni na Hausawa da suka shahara wajen fataucin goro. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne mai jagorantar ayari zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau. Mahaifiyarsa ma, wadda aka fi sani da Amarya, 'yar kasuwa ce. Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta koma Ankara da zama, ta bar shi da 'yan'uwansa a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah da ta rene shi aka samo laƙabin Ɗantata, kamar yadda Hausawa suka saba jingina yaro ga wanda ya tashi a hannunsa.

Ya yi karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa, yana kuma taɓa ƙananan sana'o'i domin ya ci da kansa. Ana ba da labarin cewa tun a lokacin yake da asusu, inda yake tara ɗan abin da ya samu. Wata jarrabawar ta same shi a lokacin Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya shafi Bebeji, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa a matsayin bayi, sai daga baya suka fanshi kansu. Ke nan ya soma neman na kansa yana maraya, ba tare da wani jarin kirki ba.

Daga Ayari Zuwa Jirgin Ruwa

Fataucin Gwanja aiki ne na masu haƙuri. Fatake kan ɗora wa jakuna baƙin rini da kanwa da fatu, su yi watanni suna tafiya daga zango zuwa zango, suna biyan fito da kuɗin hanya, kafin su komo da goro. Goro kuwa kaya ne mai saurin lalacewa, dole a riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa. Da Turawan Ingila suka kafa mulkinsu, sai hanyar ciniki ta karkata zuwa bakin teku. Alhassan na cikin fataken Kano na farko da suka gane haka. Wajen shekarar 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga tashoshin Ankara da Sekondi zuwa Legas. Ta haka ya rage tsawon tafiya da asarar kaya, kuɗinsa kuma ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadudduka na Turai.

Zamanin Gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga za a riƙa ɗauka, amma manoman Kano suka fi karkata ga gyaɗa saboda farashinta ya fi tsoka, ga shi kuma masana'antun Turai na bukatar manta. Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san ƙauyuka ba, manoma ma ba su san su ba. Dole suka nemi 'yan kasuwar gida irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Niger Company ya jawo Alhassan cikin wannan harka, kuma cikin 'yan shekaru ya sha gaban waɗanda suka riga shi.

Dabarar da ya yi amfani da ita tsohuwa ce, domin daga fatauci ya gaje ta. Yana da yara da wakilai a garuruwa da ƙauyuka. Yakan ba su jari tun kafin kaka, su kuma su ba manoma, idan amfani ya zo gida a biya da gyaɗa. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, har ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Da yawa daga cikinsu ya yi musu aure, ya ba su muhalli. Saboda haka duk wanda ya ci amanarsa, kansa ya cuta. Wannan sarƙa ta mutane ita ce ainihin jarinsa, ita ce kuma abin da kamfanonin Turawa ba su iya saye da kuɗi ba. Tarin buhunan gyaɗa da aka riƙa jerawa a Kano kafin jirgi ya kwashe, wato dalar gyaɗa, da sunansa aka fi danganta shi.

A 1929 Bankin British West Africa ya buɗe reshe a Kano. A lokacin da mafi yawan attajirai ke binne kuɗi a gida, Alhassan ya kai nasa banki, har ana cewa raƙuma 20 ne suka ɗauki sulallan. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin UAC, ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba, ya ci gaba da goro, ya shiga cinikin shanu da sufuri da gidaje da aikin kwangila.

Halayensa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun yi ittifaƙi a kan tsantseninsa. Ba mutum ne mai almubazzaranci ba, yakan zauna da wakilansa a bi lissafi dalla-dalla. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ya kuma biya wa mutane da dama kuɗin aikin hajji. A ƙarshen rayuwarsa ya zama ɗan majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero.

Rasuwarsa da Magadansa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin cikawarsa ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Wasiyyar ta yi tasiri ne domin ya riga ya horar da su a kasuwa tun suna ƙanana, ya kuma sa wasunsu a makarantar boko bayan karatun addini.

Ahmadu ne ya fara riƙe kamfanin, da ya rasu a 1960 sai Aminu ya karɓa. Sanusi ya yi fice a gyaɗa da sufuri, Mamuda kuma a jigilar alhazai. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, tare da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Amma gidan bai faɗi ba, domin ya riga ya bazu zuwa gine-gine da masana'antu da harkar mai. Alhaji Aminu Ɗantata ya ja ragamar har zuwa rasuwarsa a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote, wanda ya kafa matatar man da aka ƙaddamar a Legas a 2023, jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariya.

Kammalawa

Idan aka dubi rayuwar Alhassan Ɗantata, za a ga cewa duk hajar da ya yi suna da ita zamaninta ya wuce. Ayarin Gwanja ya zama tarihi, filin dalar gyaɗa ma babu buhu ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya rage shi ne tarbiyyar da ya bari: tattali, riƙon amana, sauya hanya idan zamani ya sauya, da shirya magada tun mutum yana da ƙarfinsa. Ɗan kasuwar da ke son shagonsa ya kai ga jikokinsa, ko mai sayen citta ne a Kafanchan ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, yana da abin koyi a nan. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.