Momofuku Ando: Mutumin da ya karye yana da shekara 47, ya ƙirƙiro taliyar minti uku

Da an idar da sallar isha'i a Dinawa, ko a tashar motar Wurno, ko a bakin kasuwar Goronyo, teburin mai shayi ne ke zama majalisa. A yanka albasa da attarugu, a fasa ƙwai biyu, a ɓare ledar taliya a jefa cikin tafasasshen ruwa. Kafin hira ta yi nisa, abinci ya sauka.

Kowa Indomie yake ce mata, ko da wane kamfani ne ya yi ta. Sai dai kaɗan ne daga masu ci suka san cewa dabarar ta fito ne daga wata 'yar rumfar katako a bayan wani gidan haya a ƙasar Japan, inda wani ɗan kasuwa da ya rasa duk abin da ya mallaka ya shafe shekara guda yana kwaɓa fulawa.

Sunansa Momofuku Ando.

Maraya a shagon yadi

An haife shi ranar 5 ga Maris, 1910, a tsibirin Taiwan, lokacin yana ƙarƙashin mulkin Japan. Sunansa na yanka Go Pek-Hok. Sunan Ando daga dangin matarsa Masako ya samo shi daga baya.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami, sai kakanninsa suka ɗauke shi a birnin Tainan, inda suke da shagon sayar da yadi. A shagon nan ya koyi lissafi, da ciniki, da sanin abin da mai saye ke so tun kafin ya buɗe baki.

Yana da shekara 22 ya ɗauki gadon da mahaifinsa ya bar masa ya buɗe kamfanin sayar da saƙaƙƙun tufafi a birnin Taipei. Kasuwa ta karɓe shi. A 1933 ya ƙetara zuwa Osaka, cibiyar kasuwancin Japan, yana sana'a yana kuma karatun tattalin arziki a Jami'ar Ritsumeikan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya dagula komai. 'Yan sandan soja sun kama shi bisa zargin karkatar da kayan soja, suka tsare shi kwana 45 suna azabtar da shi, kafin su sake shi. Jiragen Amurka kuma suka yi wa Osaka ruwan bama-bamai, gine-ginen kasuwancinsa suka ƙone.

Layin masu jin yunwa

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, ta kuma faɗa cikin matsananciyar yunwa. A wannan lokaci ne Ando ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. A wata kasuwar bayan fage kusa da tashar jirgin ƙasa ta Osaka, mutane sun yi dogon layi cikin tsananin sanyi, suna jiran kwano ɗaya na ramen.

Ramen taliyar alkama ce da ake zubawa cikin romo mai zafi, a ɗora mata nama da ganye. Asalinta daga Sin take, amma Japanawa suka mayar da ita tasu. Har gobe, da wuya ka shiga unguwa a Tokyo ko Osaka ba ka ga ɗan ƙaramin shagon ramen ba, mai dogon kanta da 'yan kujeru, inda ma'aikaci zai zauna ya zuƙe kwanonsa ya tashi ya ba wani wuri. Kusan irin matsayin da teburin mai shayi yake da shi a nan.

A shekarun bayan yaƙi, Amurka na turo wa Japan alkama da yawa, gwamnati kuma tana ƙarfafa mutane su ci burodi. Ando ya je ma'aikatar lafiya ya nuna musu cewa mutanen ƙasar sun fi sabawa da taliya. Aka ba shi amsa cewa masu yin taliya ƙananan 'yan sana'a ne, ba za su iya ciyar da ƙasa ba. Maganar ta zauna masa a rai.

Amma kafin ya kai ga yin wani abu a kai, sai da ya sake shan wuya har sau biyu.

A 1948, shekarar da ya kafa ƙaramin kamfanin da daga baya ya zama Nissin, hukumomin mamayar Amurka suka kama shi da laifin ƙin biyan haraji. Ya yi kusan shekara biyu a gidan yarin Sugamo. Shi dai har ya mutu yana cewa kuɗin da ake magana a kai tallafin karatu ne da yake bai wa matasa.

Sai kuma 1957. Wata ƙungiyar bayar da lamuni da aka roƙe shi ya shugabanta ta durƙushe. Da yake sunansa ne a gaba, aka kwashe dukiyarsa. Yana da shekara 47, ga iyali, ba abin da ya rage masa sai gidan hayar da yake ciki a garin Ikeda, kusa da Osaka.

Shekara guda a rumfa

A bayan gidan nan ya kafa rumfa, ya sayo tsohon injin murza taliya, da babban kasko, da fulawa, da mai. Bai taɓa sana'ar taliya ba. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa biyar: ta yi daɗi, ta daɗe ba ta lalace ba, ta dafu nan take, ta yi arha, ta kasance mai tsabta.

Ya shafe shekara guda yana gwaji, yana barcin da bai wuce awa huɗu ba a dare.

Babbar matsalarsa ita ce ruwa. Duk macen da ta taɓa murza taliyar Hausa ta shanya a igiya ta san wannan. In ba ta bushe ba za ta yi funfuna. In kuma ta bushe a rana, sai ta ɗauki lokaci a kan wuta kafin ta nuna. Ando yana neman busarwar da za ta hana lalacewa, amma ta bar ƙofa a buɗe don ruwa ya koma da sauri.

Amsar ta zo ne daga madafin matarsa. Ya ga Masako tana suyar tempura, wato kifi ko ganye da ake tsomawa cikin kwaɓin fulawa a soya, kamar yadda ake yi wa awara da ƙwai. Ya lura da yadda mai mai zafi ke korar ruwan da ke cikin kwaɓin.

Sai ya turara taliyarsa, ya jiƙa ta da romon kaza, ya jefa cikin mai. Ruwan cikinta ya fice a matsayin tururi, ya bar ƙananan ramuka a jikin kowane zare. Idan aka zuba mata ruwan zafi, ta waɗannan ramukan yake komawa, ta yi laushi cikin 'yan mintoci. A bushe kuwa tana iya yin watanni a ajiye.

Ranar 25 ga Agusta, 1958, aka fara sayar da ita da sunan Chikin Ramen. Ando yana da shekara 48.

Zaɓen kaza ya yi masa rana. Yawancin shagunan ramen na Japan da ƙashin alade suke haɗa romo, abin da ya sa Musulmi matafiyi ke tambaya kafin ya zauna. Ando da kansa ya lura daga baya cewa kaza ba ta da shamaki a wurin Musulmi ko mabiya addinin Hindu masu cin nama.

Da farko dillalai sun ja baya, domin yen 35 ake sayar da ƙunshi ɗaya, kusan ninki shida na kuɗin ɗanyar taliya. Amma masu saye suka yi ta komawa, har kamfanin ya kasa biyan buƙata.

Wani abin lura shi ne, a shekarar nan ta 1958, a yankin Osaka ɗin dai, wani mai gidan abinci, Yoshiaki Shiraishi, ya buɗe shagon farko da faranta ke yawo a kan bel suna wucewa ta gaban masu ci. Abin da ke kan farantan shi ne sushi, ɗan curin shinkafa mai tsami da yankan kifi a kai. Shi ma sushi daga dabarar adana kifi cikin gishiri da shinkafa ya samo asali.

Shi kaɗai ne ya ƙirƙiro?

Ba kowa ne ya yarda da haka ba. Soyayyar taliya daɗaɗɗen abu ne a kudancin Sin da Taiwan, kuma a lokacin akwai wasu 'yan kasuwa 'yan asalin Taiwan a Japan da ke sayar da makamanciyarta. An yi ta ja-in-ja a kan haƙƙin mallakar fasahar.

Abin da ba a musu a kai shi ne, Ando ne ya mayar da ita masana'anta. Da masu kwaikwayo suka cika kasuwa da kaya marasa inganci, a 1964 ya haɗa kamfanonin cikin ƙungiya guda, ya ba su lasisin amfani da fasahar, aka kuma tsara ƙa'idojin inganci.

A 1966 ya tafi Amurka neman kasuwa. Can ya ga manajojin kantuna, da yake ba su da kwano ko tsinken cin abinci irin na Japan, suna karya taliyar gida biyu su sa a kofin takarda, su zuba ruwan zafi, su ci da cokali mai yatsu. Ya dawo gida da wannan hoto a kansa. Bayan shekara biyar, ranar 18 ga Satumba, 1971, ya fito da Cup Noodle, yana da shekara 61. Kofin shi ne mazubi, shi ne tukunya, shi ne kwano.

Ita ma da farko ba ta karɓu ba, sai a watan Fabrairun 1972, lokacin da 'yan bindiga suka yi garkuwa da wata mata a wani masauki da ke kan tsauni, mai suna Asama Sanso. Jama'ar ƙasar suka ga 'yan sanda a talabijin suna cin taliyar kofi cikin dusar ƙanƙara. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Daga Ikeda zuwa bakin gulbin Rima

Indomie ba ta kamfanin Ando ba ce. A Indonesiya aka fara yin ta a farkon shekarun 1970, bisa irin dabararsa. Ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna.

Yau duniya na cin sama da ƙunshi biliyan 100 a shekara, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka da fiye da biliyan 2. Duk inda ambaliya ko rikici ya raba mutane da gidajensu, katan-katan ɗinta na cikin kayan agajin da ke fara isa.

Tana da nata aibin. Gishiri da mai sun yi mata yawa, kuma ita kaɗai ba ta gina jikin yaro. Mai shayin da ke ƙara ƙwai da albasa ya fi kusa da daidai.

Ando bai daina aiki ba har tsufa. A watan Yulin 2005, ɗan sama-jannatin Japan Soichi Noguchi ya tafi sararin samaniya a kumbon Discovery da wata taliya ta musamman da kamfanin ya haɗa. Ando yana da shekara 95 a lokacin. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 2007, a Ikeda, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 96. An sake gina irin rumfarsa a gidan tarihin da aka buɗe a garin a 1999.

Tambayar da ta hana shi barci ba baƙuwa ba ce a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo. Madatsar ruwan Goronyo da gulbin Rima suna ba da shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, tumatir da kifi. Amma duk kaka farashi na faɗuwa, albasa na ruɓewa a rudu, tumatir kuma sai wanda aka yanka aka shanya ya zama kauɗa ke kai wa damina.

Mutanen yankin sun daɗe da sanin sirrin raba abinci da ruwa: ga kilishi, ga bandar kifi, ga kauɗar kanta. Abin da Ando ya ƙara a kan irin wannan sani shi ne awo, da tsabta, da leda, da farashin da talaka zai iya biya. Albasar da mai shayin Dinawa ke yankawa daga gonar bayan gari ta fito, ba za ta daɗe ba. Taliyar da yake zuba ta a kai kuwa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma tana iya jiran mai saye wata da watanni.