Samuel Okwaraji (1964–1989)

An haifi Samuel Sochukwuma Okwaraji ranar 19 ga watan Mayu, 1964, a ƙasar Orlu da ke Jihar Imo ta yanzu. Tun yana saurayi ya tafi Italiya neman ilimi, ya karanta fannin shari'a a birnin Rum har ya sami digiri na biyu. Karatu bai raba shi da ƙwallon ƙafa ba, domin ya yi wa ƙungiyoyi wasa a Yugoslabiya da Ostiriya da Jamus.

A shekarar 1988 aka kira shi ya yi wa Nijeriya wasa. A gasar cin Kofin Afirka da aka yi a Maroko a wannan shekara, ya jefa wa Kamaru ƙwallo a raga minti biyu kacal da fara wasa. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, ta zo ta biyu. Daga nan sunansa ya shiga bakin jama'a, aka san shi da ƙwazo a tsakiyar fili da kuma kishin ƙasa.

Ranar Asabar, 12 ga watan Agusta, 1989, Nijeriya ta kara da Angola a babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, Legas, a wasan neman gurbin shiga gasar Kofin Duniya. Filin ya cika maƙil. A minti na 77 sai Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa, har Nijeriya ta yi nasara da ci ɗaya da nema. Amma murna ba ta yi nisa ba, domin Okwaraji bai sake tashi ba. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Shekarunsa 25 a duniya.

Labarin rasuwarsa ya girgiza ƙasar nan, daga kudu har arewa. Abokan wasansa ba su gama share hawaye ba sai da suka koma fili: bayan mako biyu suka je Yawunde, Kamaru ta doke su, Nijeriya ta rasa gurbin zuwa Italiya a 1990, ƙasar da marigayin ya yi karatu.

An binne shi a garinsu, Umudioka. Don tunawa da shi, an kafa mutum-mutuminsa a gaban filin da ya faɗi, an kuma sa wa filin wasa na Orlu sunansa. Bai cika shekara biyu yana yi wa Nijeriya wasa ba, amma har yau, duk ranar 12 ga Agusta, masoya ƙwallo suna juyayin rashinsa.